Shekarar da Aka Kira Baba Arzika Maye

Ƴaƴana, kun tashi kuna jin ana cewa yayanku Mutari ne ya kashe mani shago, ya zubar da mutuncin gidanmu, sannan ya gudu Abijan don kunya. A gabana an sha faɗin haka, ni kuwa in sunkuyar da kai kamar uban da ɗa ya ba kunya. To, ku karanta wanga babi da kyau. Zancen lakwal, makarantar boko, da na bari, da zaman da na yi Yamai ina koyon wankin hoto, duk kun ji su har sun gundure ku. Abin da ban taɓa faɗi ba shi zan faɗa yau, tun idona na iya bin layin takarda.

A wancan lokaci shagona na bakin hanyar tasha, nan Dogon Dutsi. Issa Mai Hoto, wa bai san ni ba? Biki, suna, walimar dawowa daga Makka, daga nan har Matankari da Kore Mairuwa, in ban zo da kamarata ba kamar ba a yi taron ba. Ina da kamara ta kafaɗa, da ƙafarta mai uku, da moto, da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da nake haɗa bidiyo a kanta. Ina kuma da girman kai, wannan kam innarku tana raye, ku tambaye ta. Wata safiya ƙarshen damina sai ga wani dattijo dogo, siriri, da jar hula wadda rana ta cinye, ya yi sallama ya zauna kan bencin ƙofar shago. Na ɗauka hoton katin ɗan ƙasa ya zo yi. Ya ce a'a, gaisuwa ce kawai. Sunansa Arzika, daga wani ƙauye can bayan Kiyeshe, matarsa ta rasu, ya dawo birni ya kama ɗaki yana tufka igiya yana sayarwa a kasuwa. Na ce Allah ya jiƙan ta, na koma aikina. Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo, da igiya sabuwa ya ce in ɗaure akuya. Kafin wata ya cika, akuyarmu biyu, igiyarmu ta fi ashirin, kuma ya raɗa mani suna: aminina. Ni dai har yau ban san ranar da muka ƙulla amincin ba.

Da zaman benci ne kawai, da sauƙi. Sai ya shiga bina wurin aiki. Duk inda ya ji za ni ɗaukar biki, sai in tarar da shi ya riga ni, ko da Matankari ne, a ƙafa ya taka tun asuba. Ya karɓe ƙafar kamara ya saɓa, ya riƙe mani jaka, in mutane sun tambaya ya ce tare muke. Abin da ya fi ƙona mani rai kuwa, da na kunna kamara sai ya lallaɓa ya tsaya bayan dangin amarya ko gefen makaɗa, ya ƙura wa idon kamarar ido. Ba murmushi, ba rawa, ko ƙiftawa da ƙyar. Kowa na shewa, shi yana tsaye ƙiƙam da jar hularsa. Masu biki suka fara ƙorafi, wai wane ne wannan da ke cikin kowane bidiyo. Na yi masa ƙaryar gari, in ce Tibiri za ni alhali Kore Mairuwa ce, sai ya ji a bakin ƴan kabu-kabu ya iske ni. Na rufe shago na zauna ciki shiru, ya zauna waje yana tufka har na gaji na buɗe. Wata rana na kasa haƙuri.

"Baba Arzika, don Allah kai ba ka da aikin yi ne?"

"Ina da shi mana, aminina. Ga shi ina yi." Ya ɗaga mani igiyar da ke kan cinyarsa yana dariya.

Na kai ƙara wurin innarku, ina tsammanin za ta taya ni. Ina! Tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai dai Issa ba ka da godiya. Mutane na biɗar mai son su da kuɗi ba su samu ba, kai an kawo maka har ƙohwa kana yatsina. Ka so mai sonka."

"Ni na ce ya so ni?"

"Ni ma ai ba ka tambaye ni ba ka dinga zarya ƙohwar gidanmu shekara guda. Ga mu nan."

Tun daga ranar ta ƙara kwano ɗaya a tuwon dare, ana kai masa ɗakinsa. Ni kuwa haushi ya ƙaru.

A cikin wannan shekara Mutari ya dawo daga Yamai da takardar karatu, ba aiki. Yana taya ni haɗa bidiyo, da yamma ya tafi fada, majalisar samari, su sha shayi da abokansa. Ya zo da wasu finafinan ban tsoro na Turawa da ban taɓa ganin irinsu ba. Ba kiɗa, ba fitilu, ba sanannen ɗan wasa. Kamara na ta rawa a hannu, mai ɗauka na haki, a farko a rubuta cewa wai tsintar kaset ɗin aka yi, mai shi ya ɓata. Wasu ma ba aljani ba dodo, mutum ne kawai da ya liƙe wa wani, yana masa kyauta, yana binsa, yana son abota dole, har abin ya zama tashin hankali. Ni da na yi shekaru ina koyon riƙe kamara kada ta motsa, na ce wannan ai ɓarnar kaset ce. Mutari ya ce a nan daɗin yake, don mai kallo ya ɗauka gaske ne, kuma talaka ma na iya yin irinsa da abin da ke hannunsa. Burinsa ke nan, ya yi fim. Wata rana muna gaban ordinater sai ya tsayar da hoto.

"Baba, dubi tsohon ga. Bikin Rabi, ga shi. Sunan gidan malamin lakwal, ga shi. Matankari, ga shi. Wallahi wannan ba sai an biya ɗan wasa ba."

Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, jar hula nan, jar hula can, ido cikin ido. Na yi dariya har da hawaye. Sai ya ce:

"Wasa nake, Baba. In za a yi, sai an tambaye shi tukuna."

Ku riƙe wannan magana, don shi ya faɗe ta, ni na ture ta. Na ce tambayar me, shi ya tambaye ni kafin ya shiga bikin mutane? A raina na riga na yi lissafi: samari za su kalla a fada, su yi masa dariya, kunya ta kama shi, ya sakar mani mara. Ni na ce wa Mutari hotunan biki kaɗai ba su isa ba, ana son wurin da za a ga yana bin mutum. Ni kuma na ce zan ɗauko.

Bayan la'asar na fito na ce, "Baba Arzika, taso ka raka ni gindin dutse in ɗauki hoton gari." Wayyo, fuskar mutumin nan! Wata takwas yana bina, ranar ce ta farko da na ce masa zo. Ya ce in jira shi, ya ruga ɗakinsa ya sako rigarsa ta Juma'a. Na ɗora masa ƙafar kamara da jaka, na ce ya riƙa tafiya can baya, taki talatin, kada inuwarsa ta ɓata mani aiki. Ya ce to. Muka bi jar hanyar da ta nufi dutse, ina gaba ina girgiza kamara da gangan, ina haki, ina waiwayawa in ɗauke shi, ina raɗa cikin na'ura: ga shi nan, bai bar bina ba, wayyo Allah, duk inda na shiga yana nan. Da muka isa gindin dutse na saki kamara kan rairayi, na faɗi gefe. Sai ya watsar da kaya ya sheƙo da gudu, tsoho da shi, yana kira:

"Aminina! Lahiya? Ka ji ciwo?"

Wannan gudun shi ne ƙarshen fim ɗin. Muka cire muryarsa, muka yanke hoton yadda ba a ganin kayan da ya ɗauko mani, muka dushe launi sai jar hular kaɗai. Abin da ya rage shi ne wani dogon mutum ya taso wa wanda ya faɗi, sai duhu. A farko muka rubuta cewa an tsinci wannan kart, katin ajiyar hoto na kamara, a gindin dutse, ba a ga mai shi ba. Mutari ya ce abokansa uku kawai zai nuna wa, kuma uku ya nuna wa.

Amma magana zarar bunu ce. Ɗaya ya tura wa ɗaya, ya faɗa hannun masu cajin waya da ke zuba wa mutane waƙoƙi a kart, shi ke nan. Kafin sati biyu mata na kallonsa a kasuwar Kore Mairuwa. Kuma ba wanda ya yi dariya. Mu mun kwaikwayi Turawa, mun manta cewa Bature in ya gama kallo barcinsa yake yi, mu kuwa a Arewa in aka ga mutum yana bin taro yana ƙura wa jama'a ido, muna da sunan da muke kiransa. Aka ce maye ne, kurwar amare yake kamawa, kuma ya cinye wani baƙon mai hoto da ya gano shi. Igiyarsa ta daina sayuwa. Mata suka riƙa rufe jariransu in ya gitta. Mai shayi ya keɓe masa kofi. A masallaci sai ka ga gurbi hagunsa da damansa. Shi ba waya gare shi ba, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya zo ya zauna kan benci, ya daɗe bai taɓa igiya ba.

"Aminina, mutanen birni sun sauya mani huska. Ko na yi wani laihi ban sani ba? In ka ji wani abu ka gaya mani, in ba da haƙuri."

Na ce zafi ne, kowa ransa a ɓace yake. Haka na ce masa, Allah ya yafe mani. Masu biki suka zo suna tambaya ko ba ni na ɗauki taronsu ba, na ce ni kaɗai ke da kamara a garin ga, yanzu da kowa ke ɗauka da waya? Mutari ya same ni sau biyu ya ce, Baba, mu fito mu faɗa. Na ce ya yi shiru, ƙura za ta lafa. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Na sa fuskokin matan mutane cikin fim ɗin maita, in aka sani wa zai sake kira na cikin gidansa? Innarku kuwa a wayar maƙwabciya ta gani. Ta dawo ta tsaya kaina ina cin abinci.

"Shekara talatin ina jin raɗar ga a kunnena, Issa. Ka ɓoye wa gari, ni ba ka ɓoye mani ba."

Ta ɗauki kwanon Baba Arzika da kanta, ta ratsa unguwa da shi a kai kowa na kallo, ta kai masa. Kullum haka, ni kuwa gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita.

Da ruwan farko ya sauka, Rabi ta kwanta. Ita ce amaryar da bikinta ya buɗe fim ɗin, ta kalle shi ya fi a ƙirga. Zazzaɓi ya yi zafi, ta shiga sambatu tana cewa mai jar hula na bin ta. Ku ƙananan ba ku ga irin wannan ba, bari in gaya muku. In majinyaci ya ambaci mutum, akan kamo shi a sa ya tsallake majinyacin, wai don ya saki kurwar da ya kama. In ya tsallaka ya amsa shi maye ne, tabon ya bi shi da zuriyarsa. In ya ƙi, an ce so yake ta mutu, sai duka. Da hantsi Mutari ya zo a guje ya ce an ja Baba Arzika daga kasuwa zuwa gidan su Rabi. Muka hau moto. Mun tarar da gida ya cika maƙil. An shimfiɗe yarinyar kan tabarma a tsakar gida. Mijinta, wani saurayi ɗan kasuwa mai riƙo da sunna, yana ta faɗin wannan shirka ce, a kai ta likita, uwarsa da surukarsa sun taushe shi da kuka. Baba Arzika na tsaye, an yaga masa wuyan riga, yana ta waige cikin taro. Da ya hango ni sai fuskarsa ta saki.

"Alhamdu lillahi, ga aminina. Ku tambaye shi, shi ya san ni."

Na kau da kai. Yayan Rabi, wani ƙato mahauci, ya daka masa tsawa ya tsallaka. Tsohon ya dubi yarinyar tana rawar ɗari, ya ce a hankali:

"Ni ban san abin da kuke cewa ba. Amma in tsallakawa ta za ta ba ɗiyar ga lahiya, sai in tsallaka. Mi ya rage mani da zan yi rowa da shi?"

Ya tattare riga ya ɗaga ƙafa. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Na ce ya tsaya, fim ne, ƙarya ce, ba wanda ya ɓata, a shagona aka haɗa shi daga bidiyon biki, mutumin ga kayana ya ɗauko mani ranar. Da nan na tsaya, ko da na ƙarasa gaskiyar, da yau ba na wannan rubutu. Sai mahaucin ya matso ya ce wa ya haɗa. Na ga idanu sun yi mani caa, maza waɗanda na shiga ɗakunan matansu da kamara bisa amana. Bakina ya buɗe da kansa.

"Yaran zamani ne. Mutari ne ya yi wasa da kayan aikina, ban sani ba sai daga baya."

Mahaucin ya ce, "To muryar da ke raɗa fa, ta wa ce?"

Mutari ya dube ni. Ɗan lokaci kaɗan ne, ya ba ni dama in yi magana. Da ya ga ba zan yi ba sai ya ce:

"Tawa ce."

Mahaucin ya kwashe shi da mari har ya kai ƙasa, a gabana, ban ɗaga hannu ba. Baba Arzika ya sauke ƙafarsa, ya yi mani wani dogon kallo, ya ɗauki hularsa ya fita. Mijin Rabi ya samu ya kai ta likita, ashe zazzaɓin sauro ne, kwana biyar ta miƙe.

Abin da na sayar da ɗana don in tsare, bai tsaru ba. Aka ce wanda bai iya tsare bidiyon matan mutane daga ɗansa ba, ba a sake ba shi. Aiki ya ɗauke ƙaf, kafin kaka na sayar da kamara. Mutari kuwa ya zama abin nuni. Fada ta watse masa, gidan yarinyar da yake nema suka maido da kayan da muka kai. Bai taɓa gaya wa kowa gaskiya ba, ya kuma roƙi innarku ta yi shiru, ya ce shi yaro ne, duniya na da faɗi, ni kuwa nan za a binne ni. Safiyar da zai tafi ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce a yi masa addu'a. Na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar mai sallamar baƙo. Baba Arzika shi ma bai zauna ba, don maita ba a wanke ta da magana ɗaya, wasu har gobe cewa suke ruwa ba ya tsami banza. Ya koma ƙauyensu. Bencin ƙofar shagona ya zama wayam, abin da na roƙa na samu, kuma ban taɓa jin ƙunci irin na lokacin ba.

Bayan an gama yankan gero sai aka kira ni daga Libiya. Wani mutumin Maraɗi ne, magini. Ya ce ya ga fim ɗin a wayar abokin aiki, ya gane tsohon, don sun zauna ɗaki ɗaya da wani Sa'adu da ke ajiye da hoton ubansa da wannan jar hular. Sa'adu ya rasu shekara uku da suka wuce, ciwon ciki, su suka yi masa sutura. Bai san garinsu ba, yankinmu na Arewa kawai ya sani, sai da ya ga dutsenmu a fim. Ya tambayi ƴan Dogon Dutsi da ke can wa zai gaya wa, suka ce ai tsohon amini ɗaya gare shi, mai hoto, suka ba shi lambata. Na zauna riƙe da waya. Kusan shekara mutumin nan na zaune ƙofata, ban taɓa tambayarsa ko yana da ɗa ba.

Na hau moto na bi hanyar Kiyeshe ina tambaya har na same shi gindin gawo yana tufka. Ya miƙe ya tarbe ni kamar jiya muka rabu. Na gaya masa. Ya yi salati, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce:

"Ashe duk tsayuwar da nike yi ba mai gani."

Na ce wace tsayuwa? Ya ce Sa'adu shi kaɗai Allah ya bar masa. Sun rabu da faɗa, don yaron ya sayar da bijimin gida ba da saninsa ba ya tafi biɗa, wato ci-rani, shi kuma ya ce masa kada ya dawo. Daga nan ba labari.

"An ce mani bidiyon biki na tahiya har can, ƴan biɗa na kallo a waya don su ga gida. Na ce in na tsaya ciki, da hular da ya sani, na kalli idon abin sosai, wata rana zai gan ni. Ya san ina raye, ya san hushin ya wuce. Ban iya murmushin hoto ba, aminina, shi ya sa nike tsayawa haka. Da hwari don wannan na zo wurinka. Daga baya kuma na saba da kai."

Na zauna kan ƙasa na gaya masa komai, cewa ni na shirya tafiyar gindin dutse, ni na yi raɗar, don in kore shi. Ya ce ya sani tun ranar gidan su Rabi, don a ranar tafiyar iska na kawo masa raɗata, ya ɗauka addu'a nake. Na ce to me ya hana ka tona ni? Ya dube ni da mamaki, ya ce mutum na tona amininsa cikin taro?

Kwana uku na zauna kusa da shi kan tabarmar makoki. Labarin maita ya riga shi isa ƙauyen, masu gaisuwa ba su da yawa, waɗanda suka zo kuwa sai su ba ni hannu ni ma, sun ɗauka ɗan'uwa ne, ban gyara musu ba. Innarku ta zo da tukunya da tsaba a kan amalanke, ranar ta sake yi mani magana kamar da. Ran na uku, da muka shafa addu'a, ya kama hannuna.

"Ni na gaya wa ɗana magana ɗaya, na yi shekaru ina biɗar hanyar da zan janye ta, ƙasa ta riga ni. Kai naka shina raye, lambarshi na cikin aljihunka. Kira shi."

Na ce zan kira. Muka taho da shi gida, ya zauna ɗakin zaure, shi ne Baba Arzikan da kuka sani, mai yi muku lilo da igiya. Shekara bakwai ya yi tare da mu, kuma ban yi aboki kamarsa ba. Kowace Sallah in mun dawo daga idi sai ya ce, aminina, ka kira? In ce sai an kwana biyu. Mutari na kiran innarku, ta miƙo mani waya, ina gida, ina aiki, lafiya lau, shi ke nan. Sau nawa na buɗe baki, girman kai ya rufe shi. Har Baba Arzika ya koma ga Allah ban ba shi amsar da yake so ba.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, na miƙe a ƙofar masallaci da sandata na roƙi jama'a su dakata. Mahaucin na nan, ya tsufa shi ma. Na faɗi duk abin da kuka karanta. Wasu sun manta da zancen, wasu sun yi ta salati, mahaucin ya rufe fuska da hannun da ya yi marin. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Saura mutum ɗaya. Ku ɗauki hoton shafukan ga ku tura masa, don na gwada a waya jiya, da na ji muryarsa kuka ya ci ƙarfina, na ce ina yara kawai. Mutari, ɗana, muryar tawa ce, shawarar tawa ce, marin ma nawa ne ka karɓa. Kai ka ce a tambayi tsohon, ni na hana. Ba ka yi mani laifin komai ba, asirina ka rufa, ni kuwa na bar ka da shi shekara goma sha ɗaya. Gari ya ji yanzu, ba sauran wanda zai nuna ka. Ka yafe wa ubanka. In kuma zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ka zo haka nan, ko ba ka ce mani komai ba, in gan ka.